Wasiƙar Katsina: Ina Labarin 'Yan Ajinmu?

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni kowane mako, don in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna da sauran masu karatu, tun ba waɗanda Allah ya nufa suka yi jami'a ba. A makon jiya na yi alkawarin zancen tsadar taki, amma wani abu ya same ni wanda ya hana ni barci, shi ya sa na jingine wancan sai wani jiƙon. Manoma su gafarce ni.

Ranar Asabar ta bayan Sallah muka taru a gidan wani abokinmu a nan G.R.A., mu da muka tafi jami'a a Samaru ta Zariya shekara guda daga ƙasar Katsina, tun ba a yi jihar ba. Aka shimfiɗa darduma a inuwar bedi, aka kawo fura da nama, kowa ya zo cikin babbar riga, motoci suka cika bakin ƙofa. Bayan an ci an sha, sai magatakardanmu ya miƙe ya ɗauko takarda, ya ce zai karanta labarin 'yan'uwa. Wane ya zama Farfesa. Wane ya bar aikin Gwamnati yana Babban Sakatare. Wane an naɗa shi sarauta. Wane ɗansa ya gama karatu a Ingila, wane kuma ya aurar da autarsa. Kowane aka karanta sai mu ce, "Madalla, Allah ya ƙara." Ni ma da ni aka faɗa, kuma har zuciya, gama arzikin ɗan'uwa abin murna ne.

To, da ya gama sai na karɓi takardar sunaye na duba, na ga waɗanda aka ba da labarinsu ba su kai rabin waɗanda ke rubuce ba. Idona ya faɗa kan sunan wani wanda muka yi shekara biyu ɗaki guda da shi, mutum mai haƙuri, wanda duk cikinmu ba mai kama ƙafarsa a lissafi. Na ce, "Jama'a, ina Malam wane?" Wuri ya yi tsit. Wani ya ce yana jin yana ƙauye. Wani ya ce shi dai ya zaci ya rasu. Da aka bi diddigi, ashe shekara bakwai ke nan rabon da ɗayanmu ya sa shi a ido.

Ran Litinin mu uku muka shiga mota muka bi sawu, ni da magatakarda da wani abokinmu likitan ido. Tafiyar ba ta kai sa'a biyu ba. Muka iske shi zaune a zaure bisa buzu, da tasbaha a hannu, yara kewaye da shi yana yi musu lissafi da ka. Muka yi sallama ya amsa, ya juyo da fuska wajenmu, amma bai san ko su wane ne ba sai da na yi magana. Ya ce, "Malam, kai ne? Ashe rai kan ga rai!" Nan muka gane ba ya gani. Likita ya duba shi, ya ja ni waje, ya ce ciwon nan ne da ake kira hawan jinin ido, wanda ke cin gani a hankali ba tare da zafi ba, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Ya ce da shekara uku da suka wuce aka kawo masa shi, da maganin ɗigawa ya tsare masa sauran ganinsa. Ya faɗi haka hawaye na zuba masa.

Da muka koma ciki na ce, "Haba Malam, kana da aboki likitan ido, ka kasa ko aiko da yaro?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, labarinku duk yana zuwa mini a waya, yara na karanta mini. Kowa da abin da ya zama. Ni kuwa me zan rubuta? Malamin makaranta na shiga, malamin makaranta na fita, kuɗin sallamata ma har yau ban gama karɓa ba. Na ga kada in ɓata muku taro." Wallahi, Edita, da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Abin da nake son in faɗa shi ne, labarin tsofaffin ɗalibai yadda muke ba da shi yanzu rabin labari ne, rabin labari kuwa wani lokaci ya fi ƙarya ɓarna. Mun mai da shi fagen nuna riga. Wanda ya samu shi ke magana, wanda bai samu ba ya yi shiru ya ja da baya, alhali kuwa shi ne ya fi bukatar a ji halin da yake ciki.

Don in nuna muku kuskuren awon da muke yi, bari in koma da ku baya kaɗan, zuwa ga makarantar da ta haifi irin wannan zumunci a ƙasar Arewa. Kowa ya shigo birnin Katsina zai iya zuwa ya ga tsohon ginin ƙasa na Kwalejin Katsina, wanda aka sa cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959, yanzu kuma ya zama gidan ajiye kayan tarihi. An fara ɗaukar ɗalibai a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta ran 5 ga Maris 1922. An zaɓi Katsina saboda sunan da ta yi wajen ilmi tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da kuma nisanta daga hanyar jirgin ƙasa da hayaniyarta. Aikinta na fari shi ne horad da malamai, shekara biyar ake yi. A lokacin nan babu wata makarantar boko da ta fi ta a Arewa duka, ita ce jami'ar wancan zamani. Daga baya aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971.

Tsofaffin ɗalibanta sun kafa ƙungiyarsu a 1939. To, mu ƙaddara a shekarar 1943 magatakardansu ya miƙe kamar yadda namu ya yi, ya ce zai karanta labarin 'yan'uwa. Me zai karanta?

Zai ce: Malam Abubakar na Bauci, wanda ya fita a 1933, yana nan yana koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci, shekara goma ke nan da alli a hannu. Malam Kashim na Barno, wanda ya fita a 1929, yana nan kan aikin makarantu a lardinsu. Malam Isa Kaita, bayan ya yi shekara tara yana koyarwa a Midil ta Katsina, yana can Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wadda ake kira Gana a yau, yana karanta labarin yaƙi da Hausa a gidan rediyo. Malam Abubakar Imam, wanda ya fita a 1932, ya bar aji ya koma Zariya, shi ne Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, bana ma ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma. Malam Sa'adu Zungur, wanda ya wuce Kwalejin Yaba ta Ikko a 1934, ya komo gida Bauci. Malam Ahmadu na Raba kuwa, wanda ya fita a 1931, ya yi koyarwa a Midil ta Sakkwato, ya yi hakimci, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938 Allah bai ba shi ba, yanzu ga shi an tuhume shi a kan kuɗin jangali, maganar tana gaban shari'a.

Ku duba fa, jama'a. Da irin taronmu ne, da wa za a yi wa tafi? La'alla Malam Imam kaɗai, saboda ya ga Landan. Malam Abubakar na Bauci da an ce, "Allah sarki, har yanzu yana aji?" Labarin Malam Ahmadu kuwa da magatakarda ya tsallake shi, don kada a ɓata taro. Amma kowa ya san abin da ya biyo baya. Malam Ahmadu ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi a Zariya, shi ne Sardaunan Sakkwato da ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Malam Abubakar ya tafi Landan ƙaro ilmi a 1945, ya zama Minista a 1952, shekara 19 bayan fitarsa daga Kwaleji, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. Malam Kashim ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962. Malam Isa Kaita ya riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Arewa har 1966, ya zama Wazirin Katsina. Malam Sa'adu bai taɓa zama Minista ba, ya yi doguwar jinya ya rasu a 1958, amma har yau ana karanta waƙoƙinsa a makarantu, ana kuwa jin zafinsu. Ashe wanda ya auna mutum shekara goma bayan fitarsa makaranta ya yi gaggawa, bai san maci tuwo ba, miya ba ta ƙare ba.

Kada kuma wani ya ce ai wannan zancen mutanen da ne. Ga na zamanin jami'a. Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda mahaifinsa Mutawallen Katsina shi ma ɗan Kwalejin nan ne, ya gama digirinsa na fari a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975. Ya yi hidimar ƙasa yana koyarwa a wata makaranta a Ikko, ya koyar a Zariya da Katsina har 1983, sa'an nan ya koma aikin gona a Funtuwa. Ya nemi kujerar Gwamna a 1991 ya faɗi. Bai zama Gwamna ba sai 1999, shekara 24 bayan digiri, ya zama Shugaban Ƙasa a 2007. Da an karanta labarinsa a taron 'yan aji a 1985, da cewa za a yi, "Malam Umaru yana Funtuwa wajen gona." Ga kuma marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, mutumin Musawa, jikan gidan sarauta, wanda ya yi karatu a Ingila ya komo ya koyar a Barewa, sa'an nan ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana koyad da tarihi a Samaru har ya rasu a 2005. Littafin da ya rubuta kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fi gidaje goma a G.R.A. daɗewa.

Amma ba wannan ne iyakar maganata ba, don kada a ɗauka cewa nake yi a girmama malamin ƙauye saboda wataƙila gobe ya zama Gwamna. A'a. Mafi yawa ba za su zama ba, kuma ba laifi. A Kwalejin Katsina kowane ɗalibi yana da lamba a littafin shiga, ana bi da bi tun daga na farko. Sardauna shi ne na 87, Tafawa Ɓalewa na 145. Tsakaninsu akwai mutum 57. Ina tambayar mai karatu, cikin hamsin da bakwai ɗin nan sunan mutum nawa zai iya kawowa? Kwalejin kuwa malamai aka kafa ta ta fitar, waɗannan da ire-irensu su ne suka watsu cikin larduna suka riƙe Makarantun Midil, suka horad da malaman Elementare, suka riƙe littattafan baitulmali da ofisoshin En'e. Ba su ne a cikin hotuna ba, amma duk wanda ya iya karanta wannan jarida a yau, in ya bi salsalar wanda ya koya wa wanda ya koya masa, zai iske ta tuƙe ga ɗayansu. Jinka ake gani daga nesa, amma dirkoki ke ɗauke da ita.

Abokinmu na ƙauye irin dirkokin nan ne. Kafin mu baro garin sai da mai gari ya zo gaishe mu, ya lissafa mana yaran da suka bi ta hannun Malam: akwai malaman asibiti, akwai injiniya, akwai alƙali, akwai malaman makaranta da ba su ƙirguwa. Ya ce kafin zuwansa ba a sa 'ya mace a makaranta a garin, shi ya bi gida gida, ya fara da tasa 'yar. Shekara talatin da wani abu. Wannan shi ne mutumin da ya ce ba shi da abin rubutawa! Mu kuwa da muke da abin rubutawa, in aka ce mu kawo mutum goma da rayuwarsu ta gyaru ta dalilinmu, waɗansunmu sai sun yi dogon tunani.

Yanzu bari in juyo kan samari, gama su abin ya fi ci. Tun da na fara wannan fili na sami wasiƙu da dama daga waɗanda suka gama jami'a ba da daɗewa ba, ga ɗaya a gabana yanzu. Yaron ya ce ya yi digiri, ya yi hidimar ƙasa, shekara huɗu ke nan yana kai takardu ofis ofis ba labari, yanzu Keke Napep yake ja, in ya hango ɗan ajinsu a bakin titi sai ya kau da kai ya wuce ko da ba kowa a bayansa. Wata kuma ta rubuto ta ce ta fi kowa a ajinsu, aure ya kai ta wani gari, tana ɗinki a gida tana koya wa 'yan mata, amma ta daina amsa kiran ƙawayenta domin kullum tambayarsu ita ce, "Wane ofis kike?"

Ɗana, da ke 'yata, ku saurara. Zamaninku dabam ne da na waɗanda na ambata, kada ku auna kanku da mudunsu. Ku dubi lambobin nan kuma: daga 1921 zuwa shigar Tafawa Ɓalewa duk Arewa ba a kai ɗalibi 150 da suka shiga Kwalejin Katsina ba. Kafin mutum ya fita aiki na jiransa, En'e tasa ce ta aiko shi, ita za ta karɓe shi. Ko mu da muka zo daga baya, bayan an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da kuma kafa hidimar ƙasa a 1973, mun ga lokacin da ma'aikatu ke zuwa har makaranta neman mutane. Yau kuwa a Jihar Katsina kaɗai akwai Jami'ar Al-Qalam tun 2005, da ta jiha wadda aka kafa a 2006 mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ban da kwalejoji, kowace shekara kuwa suna yaye ɗalibai. Wannan alheri ne babba, abin da magabata suka yi fata ke nan. Amma kujerun ofis ba su haihuwa kamar yadda azuzuwa ke haihuwa. Saboda haka rashin kujera ba shaidar lalacewa ba ne. Mai jan keke da guminsa ya fi mai kujerar da ya saya. Abin kunya ɗaya ne, mutum ya yi ilmi ya zauna ya ce sana'a ta yi masa kaɗan, yana jiran tuwon tsohuwa.

Amma ɓuyan da kuke yi shi ne babban kuskure. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Cikin 'yan ajinku akwai wanda ke neman amintaccen mutum ya riƙe masa shago, akwai wanda ya ji za a ɗauki malamai, akwai wadda makarantarsu ke neman mai ɗinka wa yara tufafi. Yaya za su tuna da wanda ya kau da kai?

Mu manya kuwa namu laifin ya fi girma, don mu muka sa abin ya zama haka. Kun san ita wannan unguwa da nake zaune Turawa suka yanke ta don kansu, bayan ganuwa, bisa ƙa'idarsu ta barin fili na yadi 440 tsakanin gidajen Bature da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Da can ɗan Kwaleji ba ya shigowa nan sai in Razdan ko Di'o ya kira shi, ya tuɓe takalma a bakin ƙofa. Turawa sun tafi tun 1960, 'yan makaranta suka gaji gidajen, gari ya cika filin nan da gine-gine har ba a gane shi. Amma ina tsoron waɗansunmu sun kwashe yadi 440 ɗin sun zuba cikin zukatansu. A cikin birni kowane gida da zaure, baƙo ya yi sallama ya zauna ba mai tambayarsa takarda. A nan kuwa sai katanga da ƙyauren ƙarfe da maigadi mai cewa, "Alhaji ya san da zuwanka?" Wane ɗan aji ne mai mutunci zai zo da tsohuwar riga ya tsaya ana yi masa wannan tambaya? Sau ɗaya zai yi, ba ya ƙarawa. Dutsen da ke cikin ruwa bai san ana rana ba.

Akwai mai cewa, ai kowa da ƙafarsa, wanda bai zo taro ba shi ya so, ba za a bi mutum ana roƙonsa zumunci ba. Wani cikinmu ya faɗa mini haka, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki, don akwai masu girman kai cikin marasa shi kamar yadda suke cikin masu shi. Amma ina tambaya, tsakanin mai mota da mai jiran mota, wa tafiya ta fi wa sauƙi? Da aka ce zumunta a ƙafa take, ba a ce ƙafar talaka kaɗai ba. Wani kuma ya ce in aka buɗe wannan ƙofa taro zai zama wurin bara. Ni ban ga haka ba. Abokinmu shekara bakwai bai roƙi kowa kwabo ba, abin da ya rasa shi ne mai cewa, "Yaya idon naka?"

Saboda haka ga shawarata, ga 'yan ajinmu da kowane aji na kowace makaranta.

Na ɗaya, a buɗe littafi kamar na Kwaleji, a rubuta sunan kowa bi da bi yadda aka shiga makaranta, ban da muƙami ban da sarauta. Ran taro a kira suna ɗaya ɗaya. Wanda ya rasu a yi masa addu'a a tambayi halin iyalinsa. Wanda ba a san inda yake ba, kada a wuce sunansa sai an sami mutum biyu da suka ɗauki alkawarin zuwa da ƙafarsu kafin wata ya mutu.

Na biyu, a sake tambayoyin da ake yi. Maimakon "Me ka zama?" a tambayi abu uku: ina kake, wane aiki ke hannunka, mene ne kake iya yi wa wani ko kake bukata a yi maka. Farfesa da mai keke duk suna da amsar waɗannan, ba kuwa wanda zai sunkuyad da kai.

Na uku, a riƙa kewayawa da wurin taro. In an yi bana a G.R.A., baɗi a yi a zauren malamin ƙauye, a zauna bisa tabarma a ci abin da ya sawwaƙa. Wanda babbar rigarsa ba ta iya zama a tabarma sai ya zo da ƙarama.

Na huɗu, kuɗin da ake tarawa a rage na abinci da na buga kalanda, a ware kashi don jinya da marayun 'yan aji, a ba amintattu biyu riƙo, su karanta lissafi a gaban kowa kowace shekara, kada abin alheri ya koma abin zargi.

Na biyar, kowane aji na manya ya ɗauki ajin samari na makarantarsu ya riƙa jin labarinsu. Ba sai an ba kowa aiki ba, don ba mai iyawa. Amma wasiƙar shaida, da shawara, da nuna wa yaro ƙofar da zai ƙwanƙwasa, waɗannan ba su cin ko anini.

Mu dai mun fara. Mun kawo abokinmu Katsina, likita ya ce akwai ɗan sauran haske a idon hagu wanda za a yi ƙoƙarin tsarewa, muna roƙon masu karatu su sa shi a addu'a. Wani cikinmu da ya san hanyar ofisoshi ya karɓi takardun sallamarsa yana bi. Na karanta masa wannan wasiƙa kafin in aiko, ya yarda a buga bisa sharaɗin kada a faɗi sunansa ko garinsu, na kuwa cika. Cikin takardar magatakarda saura suna shida da ba mu gano ba tukuna, mun raba su a tsakaninmu, biyu na hannuna.

Daga ƙarshe, Edita, ina roƙon alfarma. In ka yarda, duk tsohon ɗalibin da ya ga dama ya rubuto labarinsa bisa tambayoyi ukun nan, daga kowace makaranta ya fito, namiji ko mace, mai ofis ko mai garma, ni kuwa in riƙa tsamo waɗansu ina sawa a wannan fili sau ɗaya a wata. Wanda ba ya son a buga sunansa ya faɗa, za a rufa masa asiri. Na fi ɗokin wasiƙar wanda ke ganin ba shi da abin rubutawa, tasa zan fara buɗewa.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya buɗa wa samarinmu hanyar abinci ta halal, ya sa mu gama lafiya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen taki.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Tsohon Malami,
G.R.A., Katsina.

Mun yarda da roƙon Tsohon Malami. Masu rubutowa su taƙaita, su rubuta a fili yadda zai karantu, su sa sunan makaranta da shekarar fita a saman takarda. Mu ma nan ofis da muka karanta wannan wasiƙa kowa ya yi shiru yana lissafin nasa 'yan ajin. — Edita.